Taku Huɗu Zuwa Teburin Sista

Ƙarfe biyu da minti goma na rana, wata Talata a farkon shekarata ta uku a jami'a, a nan ne abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai saboda dokar ɗakin adana tsoffin takardu ce duk wanda ya sauke akwati daga kanta ya rubuta sunansa da lokaci a rajista, ni kuwa ban taɓa tsallake wannan ba. Akwati na goma sha tara na sauke. Na ajiye wata tsohuwar wasiƙa kusa da kwafin da Sista Agnes ta buga da tafireta, na bi su layi-layi da ɗan yatsa, sai na ga layi biyu cur babu su a kwafin. Na ɗaga kai. Tana zaune a teburinta, ta ba ni gefe, tana buga wata. Na buɗe baki, na rufe. Sai na jawo ɗan littafina daga jaka na rubuta lambar shafin.

Ummi, Sadiq, kun taso kuna jin sunan Sista Agnes a gidan nan kamar sunan kaka. Kun san madubin ƙara girman rubutu da ke kan kantar falo nata ne, kun san na yi shekara biyu ina haye ruwa zuwa gidan tsofaffi a Staten Island duk Asabar ina karanta mata littafi har Allah ya yi mata rasuwa. Babanku yakan ba baƙi labarin kamar na ɗalibar da ta riƙe amanar malamarta. Ni kuma nakan yi shiru, shirun nan kuwa ya yi tsawo. Ba ku san dalilin da ya kai ta gidan tsofaffin ba. Da Hausa nake rubuta muku, na san za ku karanta a hankali ku ba ni amsa da Turanci. Ba komai.

Jami'ar ta Katolika ce. Limaman coci suka kafa ta don 'ya'yan baƙin haure, 'yan dako na bakin tashar jiragen ruwa da masu fasa dutse, daga baya sistocin coci suka buɗe ajin yamma don mata. Da aka ba ni gurbi, mutanen masallacinmu a unguwar Parkchester sun yi ta magana. Baba, kakanku, ya so ya gani da idonsa. Ya ɗauki hutun yini daga ɗakin gwaje-gwajen asibitin da yake aiki, muka shiga jirgin ƙasa mai lamba shida, ya zagaya makarantar hannunsa a baya. Ya leƙa laburare, ya leƙa ɗakin cin abinci. Sha biyu na yi ƙararrawar coci ta kaɗa, ya ga wani tsohon fada, limamin cocin, ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya sunkuyar da kai.

"Waɗannan sun san lokacin ibada," in ji Baba. "Ki yi karatunki."

Kowane ɗalibi a can, ko likita zai zama ko akawu, sai ya yi kwas ɗin falsafa da na addini. Na so su ƙwarai, amma maganata a aji ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba. Hannuna yakan yi nauyi in zan ɗaga. Takardun jarrabawata ne kaɗai suke magana. Da aka ce kowa zai iya neman ɗan aiki a cikin makaranta, na zaɓi wurin da ya fi ko'ina shiru, ɗakin takardu a ƙarƙashin laburare, inda ake jin takun mutane ta sama.

Sista Agnes ta haura saba'in a lokacin. Gajeruwa ce, tana da ɗan lulluɓi toka-toka da takalma irin na maza. Shekara ashirin ta yi tana rubuta tarihin makarantar, babin da ya rage mata kuwa shi ne wanda ta fi so, na ajin yamma, daga wasiƙun da sistocin farko suka aika gida. Ranar da na je neman aikin, ɗalibai biyar ne a gabana. Ta ba kowa shafi ɗaya na tsohon rubutu ya kwafa. Sauran suka gama suka tafi, ni ina nan, don akwai kalmar da tawada ta cinye, na kasa yarda in yi cinta. Na bar gurbinta, na rubuta a gefe cewa ba ta karantuwa. Ta kai takardar tawa kusa da fuskarta, ta daɗe tana dubawa.

"Litinin," ta ce. "Ki zo da rigar sanyi, nan ƙasa ba ya ɗumi."

Aikin da ta ba ni shi ne in mayar da wasiƙu cikin fayil bayan ta gama da su, in sa wa shafuka lamba. A satin farko ta ga ina duba agogo wajen azahar, ta tambaye ni dalili. Washegari na tarar ta matsar da akwatuna daga wani lungu tsakanin kantoci biyu, ta share wurin, ta aro kamfas daga malamin labarin ƙasa, ta ja kibiya da alli a ƙasa. In ina sallah takan daina buga tafireta. Ban roƙe ta ba, ba ta taɓa ambata ba.

Akwai wata Laraba da ta shigo da baƙin tabo a goshi. Ban san al'adarsu ta shafa toka a farkon azuminsu ba, na ɗauka ƙurar akwati ce. Na yi awa guda ina juya yadda zan gaya mata. A ƙarshe na ninke farin hankicina na ajiye a bakin teburinta, na koma na zauna. Ta dube shi, ta dube ni, ta yi dariya har da tari.

"Ramatu, da gobara ta kama rigata, bokiti za ki ajiye mini a gefe ki koma ki zauna?"

Na yi dariya ni ma. Ya kamata in riƙe wannan maganar.

Bayan waccan Talatar, kullum in ta tafi cin abincin rana sai in gwada kwafi da asali. Ba a sa ni ba. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Wani wuri ta tsallake layi, wani wuri ta haɗa ƙarshen wata wasiƙa da farkon wata. A jerin matan farko da suka shiga ajin yamma, sunan mace ɗaya ya faɗi gaba ɗaya, wata mai wanki da guga da ta riƙa zuwa aji da jaririnta. Tsoffin babukan kuwa, waɗanda ta buga shekarun baya, ko ɗigo babu kuskure. Cikin sati biyar ɗan littafina ya cika da wurare sittin da uku. Teburina da nata ɗaki ɗaya. Kullum da safe nakan ce yau zan faɗa, kullum da yamma in ce mata sai gobe.

Wata Lahadi da rana na kai maganar gida. Umma na tuƙa tuwo, Baba na falo da jarida, Mma Memuna maƙwabciyarmu ta hawa na huɗu tana gyara alayyahu a teburin kicin. Kun ganta a hotuna, mai faffaɗan ɗankwali. Mutuniyar Kumasi ce, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, bakinta kuwa ba ya ɗaukar kaya ya kwana da shi.

"Ki rubuta mata takarda," Baba ya ce daga falo. "Ki sa a ambulan."

"Takarda?" in ji Umma. "Ga tsohuwa? Wato rashin kunya a rubuce, wanda za ta ajiye tana dubawa."

"Ei, ku Kanawa!" Mma Memuna ta ce. "Ramatu, in tana zuba shayi, tana sa yatsa a bakin kofi?"

Na yi tunani. Na ce tana sawa.

"To ido ne. Ni da nake wanke su ina shafa musu mai, na san su. Ido ya tafi, tana ɓoyewa. Ki je ki zauna kusa da ita, ki kama hannunta, ki ce Mama na gani. Shi ke nan. Five minutes."

"Shi ya sa ma ba za ta je ba," Umma ta ce, ta ɗora muciya a bakin tukunya. "Yarinya ta dubi sa'ar kakarta ta ce idonki ya mutu? A gidan wa aka yi haka? Ke, ki nemi babba irinta, wanda take jin nauyinsa. Shi zai san yadda zai shigo da maganar, ba sunanki, ba kunya tsakaninku. Haka ake yi."

Kada ku ga laifin kakarku. Ni ce 'yar farinta, har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke". Bai hana ta tashi da asuba ta dafa mini ƙwai duk ranar jarrabawa ba. A wajenta, in kana ƙaunar mutum sai ka zagaya, kada ka taka shi. A Kano shawararta daidai ce. Da an tura wani dattijo, ya je ya sha fura, ya yi hirar damina, ya saki maganar a bakin ƙofa, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ni kuma na karɓi shawarar da hannu biyu, domin ita ce ba za ta sa in buɗe baki a gaban Sista ba. Wannan ɓangaren nawa ne, ba na Umma ba.

Babban da na zaɓa shi ne shugaban sashenmu na tarihi. Mutum ne mai kirki, na sha ganin sa ya riƙe wa Sista ƙofa. Na je ofishinsa na tsaya, ya ce in zauna. Na ce akwai 'yan wurare a kwafin wasiƙu, ko zai ɗan ambata mata cikin hira, ba tare da sunana ba.

"Wurare nawa?"

Da na ce kaɗan ne, da wataƙila ya manta kafin yamma. Amma an tambaye ni lamba, ni kuma ban iya cinta ba. Na ciro ɗan littafin na miƙa masa. Ya yi ta buɗe shafuka, fuskarsa tana sauyawa. Ya ce aikina ya yi kyau ƙwarai, ya ce littafin tarihin zai fita da sunan jami'a, akwai kwamitin da ke kula da shi, kuma tunda abu ya zo hannunsa a rubuce ba shi da ikon ɓoye musu. Ya fita ya kwafi shafukan a inji, ya dawo mini da littafina da ɗuminsa. A kan matakala na gane cewa ban aiki dattijo ba. Ƙara na kai.

Kwana goma aka yi. Aka kira Sista sama, aka ba ta shafi ta karanta a gaban mutum huɗu. Ban kasance a wurin ba, sakatariyar sashe ce ta gaya mini daga baya, ta ce Sista ta riƙe takardar na ɗan lokaci sannan ta ajiye ta ce, "Ba zan iya ba." Aka miƙa babin ga wani matashin malami. Shugabar sistocinsu ta ce bai kamata mai irin wannan ido ta riƙa hawa jirgi da sauka matakala ita kaɗai ba, aka yanke ta koma gidan tsofaffinsu a Staten Island. Kowa ya yi abin da ya ga daidai ne. An yi mata ɗan biki da kek a laburare ranar Juma'a. Na ce ba ni da lafiya, ban je ba.

Da na koma ranar Litinin, teburinta wayam. Tafireta na nan da murfinta. Kibiyar alli na nan a lungu. A aljihun teburin na ƙasa, ƙarƙashin tsoffin ambulan, na sami madubin nan, hannunsa ya sha riƙo har fentin ya goge. Sai na tuna yadda takan aike ni sama neman littafin da ba ta buƙata. Lokacin ne take ciro shi.

Na ci gaba da aikin tare da sabon malamin. Ya gyara wuraren sittin da uku, sunan mai wanki da guga ya koma jerin. Amma bai san wace sista ce mai barkwanci a wasiƙun ba, wace ce mai ƙorafi, abin da Sista Agnes ta sani kamar ƙannenta ne. In na yi sallah a lungu, yana ta waya. Na rubuta mata wasiƙa kafin hutun ƙarshen shekara. Shafi huɗu, da ƙaramin rubutuna. Shiru. Na rubuta ta biyu bayan hutu, ta uku da sanyi ya fara sauƙi. Kullum in na dawo sai in buɗe akwatin wasiƙunmu a ƙofar gini. Na rame, Umma na kallona tana ƙara mini nama.

Mma Memuna ce ta tare ni a gaban akwatin wata rana, ta dawo aiki da jakarta.

"Me kike nema kullum a nan? Saurayi?"

Na gaya mata.

Ta ajiye jakar a ƙasa, ta riƙe ƙugu. "Ramatu. University. Shekara uku. Kin aika wa mai ciwon ido wasiƙa, da wannan rubutun naki kamar ƙafar kiyashi, kina jiran amsa?"

Wallahi ban taɓa tunanin haka ba. Ni da na gano layi biyu a cikin akwati na goma sha tara.

"Asabar zan je shagon ƙanwata a Tompkinsville, can Staten Island ɗin da take. Ƙarfe tara ki sauko. In kin makara zan hau in jawo ki da ɗankwalinki."

Ranar Asabar ina sa takalmi Umma ta fito da ƙullin dabino da kwalbar zumar da aka kawo mata daga gida, wadda take ɓoye wa baƙi na musamman. Ta sa mini a jaka, idonta na kan jakar.

"Ki ce mata uwar yarinyar tana gaishe ta," ta ce. "Ki ce mata ni na ba da shawarar."

Ban taɓa jin Umma ta faɗi abu kai tsaye haka ba. Na ce to.

A jirgin ruwa Mma Memuna ta yi ta hira da wata 'yar Nijar mai kitso, ni ina kallon ruwa ina haddace abin da zan faɗa. Ta raka ni har ƙofar gidan, a kan tudu, ta tura ni ciki da tafin hannu ta juya abinta. Wata ma'aikaciya ta kai ni wani ɗaki mai manyan tagogi. Sista na zaune a kujera, bargo a gwiwa, fuskarta na fuskantar rana. Na tsaya a bakin ƙofa. Duk abin da na haddace ya gudu.

"Mutum ɗaya na sani da ke tsayawa a ƙofa haka ba ya numfashi," ta ce. "Shigo, Ramatu."

Na durƙusa a gefen kujerar kamar yadda ake gaida manya a gidanmu. Ta laluba ta ja ni sama, ta ce ƙasan akwai sanyi. Na ba ta dabino da zuma, na isar da saƙon Umma duka biyu. Ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta ce a gode wa uwar yarinyar. Sannan ta ɗauko littafin addu'arta ta zaro ambulan uku. Ba a buɗe ko ɗaya ba.

"Akwai masu karanta mini wasiƙu a nan. Na hana su waɗannan. Na ce mai su za ta zo ta karanta da bakinta. Kin daɗe."

Na karanta mata su duka, shafi goma sha ɗaya. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban kowa ba. Ta gyara mini wuri ɗaya, ta ce akwati na goma sha tara ba shi ne farko ba, tun na goma sha bakwai ta fara tsallake layi, ita ta sani. Na ciro madubin daga jaka na sa mata a hannu. Ta shafa shi, ta mayar mini, ta ce ya daina yi mata aiki.

"Na yi fushi," ta ce. "Kada ki ɗauka ban yi ba. Na yi wata biyu ina faɗa wa Ubangiji abubuwa a kanki da ba su dace da shekaruna ba."

Na sunkuyar da kai. Tambaya ɗaya ce ta hana ni barci duk watannin nan, ba ta cikin wasiƙun. Na ɗago na dube ta a fuska, abin da ban taɓa yi ba, ko da yake ba ta ganina sosai.

"Sista, da na zo teburinki a ranar, da me za ki ce mini?"

Ta nemo hannuna ta riƙe.

"Da na ce, jawo kujerarki kusa. Kina tsammani don sa wa shafuka lamba na zaɓe ki a cikin mutum shida? Ido nake nema, 'yata. Na ɗauke ki ne ki zama idona, sai na kasa faɗa. Taku huɗu ne daga teburina zuwa naki, na ƙirga, kullum ina ƙirgawa. Kin kasa tako su. Ni ma na kasa."